Ranar da Muka Kwarfe Cibiyar Dam

Jikana yana kiwon tarwaɗa a bayan gidanmu na Kafanchan, cikin wasu manyan tankunan roba baƙaƙe. Yaron kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, kuma kifin nan shi ke saka mana nama a miya. Abu ɗaya ne ba na iya zama in kalla, wato ranar da yake canza musu ruwa. Da ya zare toshiyar tanki, ruwa ya fara tsiyaya cikin kwata, ƙarnin taɓo ya tashi, kifaye suka shiga faɗi-tashi suna marin juna da wutsiya, sai in ɗauki kujerata in koma ƙofar gida. Yaran suna cewa Kaka ba ta son ƙarni. Ni da na girma da taɓo har cinya, wane ƙarni ne zai kore ni? Kunya ce take kora ta, kuma kunyar ta girmi uban yaron.

Ƙauyenmu yana gindin duwatsu, can gefen Kagoro. A lokacin da nake budurwa ba agogo ke tashe mu ba, sai kukan jirgin ƙasa daga Kafanchan idan iska ta juyo da shi, da ƙarar taɓarya a turmin acca, wadda duk wanda ya taɓa surfa ta ya san ba aikin rago ba ne. Da kaka muna haƙar citta, mu tsaga ta da wuƙa, mu shanya a kan falalen dutse har idanunmu su yi ja don yaji. Ranar Lahadi ƙararrawar coci, wadda a gaskiya tsohon ƙarfen taya ne aka rataye a bishiyar mangwaro. Da yamma kuma kwaɗi. Yanzu idan na je ƙauyen, janareta da babura ne suke magana, kwaɗin ma kamar sun yi fushi sun bar gari. 'Yan matan yanzu suna sayen acca a leda, a wanke, a surfe, suna kuma kukan gajiya. Ba na ce zamaninmu ya fi ba, don mu ma mun yi namu shirmen, kuma shi zan faɗa.

Abin da muka fi so a duk shekara shi ne kwarfa. Idan rani ya yi nisa, rafi ya tsinke ya zama kududdufai, sai mata su fita da ƙore da kwanduna. A zaɓi kududdufi ɗaya, a tare bakinsa da taɓo, a jeru a ciki, a dinga watsa ruwa waje da ƙwarya ana waƙa, har sai ƙasa ta bayyana, kifi ya rasa wurin ɓuya. Aikin mata ne zalla, namiji idan ya matso sai a watsa masa taɓo. Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Mama Talatu, ita ce shugabar kwarfa. Ita take duba ruwa ta ce yau ne, ita take ba da waƙa mu amsa, ita take raba kifi a ƙarshe, kuma ban taɓa jin an ce ta yi son kai ba. A kwarfa ba a barin komai. Har 'yan ƙananan da ba su kai yatsa ba muna kwashewa, a daka su cikin miya. Na tuna ina ƙarama na tambayi kakata ko kifin ba zai ƙare ba, ta yi dariya ta ce damina za ta kawo wasu daga babban kogi, haka yake tun kafin a haifi uwarta. Kuma gaskiya ta faɗa. Duk shekara mu kwashe, duk shekara rafi ya cika ya dawo da su.

Bayan gonakinmu na ƙarshe akwai gandun daji, inda ba a farauta, ba a sara. A cikinsa akwai wani tafki da aka yi tun kafin a haife ni, ta hanyar tare kwari da doguwar ganuwar ƙasa. Dam muke ce masa. Ruwansa kore-kore ne, sanyi ƙalau, ba ya ƙafewa ko rani ya kai ina. Idan muka je itace a bakin iyaka da sassafe, mukan ga sawun gada da mazo a laka, birai suna zaune a kan ganuwa kamar dattawa a bakin kasuwa, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya. Kifin ciki kuwa ba mai taɓawa, don haka labarinsa ya fi shi girma. Akwai wanda ya rantse ya ga tarwaɗa mai gashin baki kamar igiyar guga. Mai gadin wurin ɗan ƙauyenmu ne, Baba Bulus, dattijo a coci, mutum mai sanyin magana wanda ko akuya ba ya iya tsawatawa da ƙarfi.

Ba namun daji kaɗai ke rayuwa da dam ɗin ba. Akwai rugar Fulani a gefen gandun, kuma an yarje musu su shayar da shanu ta gefe ɗaya da rani, don babu wani ruwa kusa da zai ishi garke. A rugar nan Inna Hajjo take, ƙawar Mama. Doguwa ce, siririya, tana tafe da ƙwaryar nono a ka kamar an ɗinke mata ita. Ita Musulma, Mama shugabar zumuntar mata a coci, Hausar kowaccensu a karkace, amma idan suka zauna a gindin rumbu sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Mama ta ba ta acca da gwaza, ita ta ba mu nono da man shanu. Ranar da aka haifi ƙanena, Inna Hajjo ce ta fara zuwa kafin dangi. Ni kuwa kullum tsokanata take, wai za ta aurar da ni ga ɗanta in koyi tatsa.

"Laraba, 'yata, hannunki na tatsa ne, ba na citta ba," haka take cewa.

A wata shekara ganuwar dam ta fara yoyo. Gara ta ci cikinta, saiwar itatuwa ta ratsa ta, ruwa ya riƙa tsatsowa ta baya har ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani. Ma'aikatan gandun suka zo suka duba, suka ce idan damina ta same ta haka za ta fashe, ruwa ya share gonakin da ke ƙasa, har da tamu. Dole a zubar da ruwan a gyara kafin ruwan sama. Amma ba duka za a zubar ba. A tsakiyar tafkin akwai wuri mai zurfi, wanda Baba Bulus yake kira cibiya, za a bar ruwa a nan don namun daji da shanu su sha, kifi kuma ya fake har damina. Suka kafa turaku kewaye da cibiyar, suka ɗaura wa kowanne jan ƙyalle.

Ranar Lahadi bayan sujada Baba Bulus ya miƙe a gaban ikilisiya, yana murza hularsa a hannu.

"Jama'ar Ubangiji, a ji ni da kyau. Dam ya yi ciwo, za a buɗe shi. Oga ya ce duk kifi da ruwa ya bari a waje, naku ne, ku kwashe, kyauta. Amma inda an sa jan ƙyalle, kar kowa ya taɓa. Sun so su kawo masu gadi daga Kafanchan, ni na ce babu bukata. Na ce mutanena ne, na san su."

Muka amsa da amin kamar addu'a ya yi. Mama ma ta ce, "Baba, kar ka damu, ni ne zan tsaya a kan mata."

Aka buɗe bututun da ke gindin ganuwa, ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki yana gurnani. Tafkin ya riƙa ja da baya yana barin baƙar laka, mu kuma muna bin sa da kwanduna. Ban taɓa ganin kifi irin na makon nan ba. Karfasa kamar tafin hannun namiji, tarwaɗa da sai yara biyu sun kama. Kowane gida hayaƙi yake tashi, karnuka har sun ƙoshi sun daina bin mu. Da a nan muka tsaya, da yau labarin daɗi nake ba ku. Amma ruwa ya sauka ya tsaya daidai turakun nan, kuma duk kifin da ya tsere mana ya taru a cibiya. Ruwan ya yi baƙi da su. Idan ka tsaya a kan ganuwa za ka ga bayansu yana juyawa, kana jin bakinsu yana tas-tas a saman ruwa. Mu da muka saba da 'yan kududdufan rafi, wannan ya fi ƙarfin idonmu. Duk inda mata biyu suka haɗu, a rijiya ko a wurin niƙa, zancen ke nan.

Sai ranar da ma'aikatan suka tafi Kafanchan ɗauko siminti, Baba Bulus ya bi su a bayan mota. Kafin rana ta ɗaga, tsakar gidanmu ta cika da mata, kowacce da ƙwaryarta a hammata. Ba wadda ta ce ga abin da ya kawo ta. Mama tana tankaɗe, ta ƙi ɗaga kai.

"Mama Talatu," in ji wata, "kifin nan zai mutu a banza fa. Ruwan ya yi musu kaɗan."

"An ce kar a taɓa."

"Ai ba gamawa za mu yi ba. Ko mun gama ma, damina zai kawo wani. Yau muka fara kwarfa?"

Nan ne Mama ta ajiye rariya. Na ga fuskarta lokacin da maganar ta shige ta, don magana ce da ta gada daga uwarta, ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Mu ba ɓarayi ba ne a ganinmu. Mutanen gwamnati ne ba su san ruwa ba, suna tsoron abin da kowace yarinya a ƙauye ta san yana dawowa. Shanu kuwa, wallahi ko a ranmu ba su zo ba, duk da cewa da nononsu muka karya a safiyar. Mama ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta ce, "To, mu je mu duba kawai." Kowa ya san ba a zuwa duba ruwa da ƙwarya.

Muka tsallake turakun kamar ba mu gan su ba. Wata ma ta kwance jan ƙyalle ɗaya ta ɗaure kitsonta da shi, muka yi ta dariya. Samarin da suka biyo mu, ranar ba wadda ta watsa musu taɓo, suka haƙa mana 'yar hanya daga cibiya zuwa bakin bututu, ruwa ya fara gudu da kansa, mu kuma muka jeru muna taimaka masa da ƙore. Mama ta ba da waƙa. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin kwarfa kamar ta ranar ba. Taɓo har ƙugu, rana a ka, muryoyin mata sun cika kwarin, kifi yana bugun ƙafafuna ta ko'ina. Kififiya muka riƙa jefarwa gefe, ƙananan kifi muka tara a zane. Kafin la'asar cibiyar da ba wanda ya taɓa ganin ƙasanta ta zama fili, sai ɗan ruwa mai kauri kamar kunu a tsakiya.

Waƙar ce ta fara mutuwa daga baya, layi-layi, har ta iso gaba inda nake. Na ɗaga kai. Garken shanu ne ya gangaro ta inda ya saba, yara makiyaya a baya, Inna Hajjo kuma tana tsaye a kan ganuwa da ƙwaryarta, ta dawo daga tallan nono. Shanun suka iso bakin laka suka tsaya, suna shinshina, suna kuka. Wata farar saniya ta kasa haƙuri ta kutsa, ta nutse har ƙirji, yaran suka yi ta jan ta da igiya suna kiran sunanta. Inna Hajjo ba ta kalli saniyar ba, Mama take kallo.

"Ƙawa," ta ce, ba da ƙarfi ba, "ruwan fa?"

Mama tana tsaye da ƙatuwar tarwaɗa a rungume kamar jariri. Ta buɗe baki ta ce, "Damina zai..." sai maganar ta maƙale, don ita ma ta ji yadda ta fito. Damina da sauran nisa, shamuwa ma ba ta iso ba, saniya kuma ba ta san jira ba. Inna Hajjo ta gyara zaman ƙwaryarta ta sauka ta taya yaran jan igiya. Mu kuwa muka kwashi kwandunanmu muka bi ta bayan ganuwa kamar masu dawowa daga jana'iza.

Washegari Baba Bulus ya zo gidanmu. Na so ya yi faɗa, ya zage mu, da ya fi sauƙi. Ya zauna a kan turmi, ga kifi jere a kan waya yana shan hayaƙi a gabansa, ya yi ta kallon ƙasa.

"Talatu, wane kogi ne yana shiga dam?"

Mama ta juya kifin da ke kan waya.

"Babu kogi. Ruwan dutse ne yana gangarowa, da ɗan idon ruwa ɗaya a ƙasa. Kifin nan a cikin duro an kawo su da mota, ina saurayi, ni na taya saukewa. Damina zai kawo ruwa, ba zai kawo kifi ba." Ya miƙe ya sa hularsa. "Oga ya tambaye ni, ina mutanenka da ka sani? Ban samu amsa ba."

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo, shi ya sa ya fi ciwo. Lakar ta bushe ta tsattsage. Ɗan idon ruwan da ke ƙasa bai fi ya cika tulu ba kafin rana ta shanye. Birai suka fara shigowa har bakin rijiyarmu da rana tsaka. Wata safiya aka tsinci mazo a kwance a bayan coci, ba harbi, ba tarko, ƙishi ne kawai ya fito da shi daga daji. Fulani suka riƙa kora shanu tafiya mai nisa zuwa kogi, su dawo da yamma a rame, maruƙa suna faɗuwa a hanya. A kasuwar Kagoro aka sa mana suna, masu shanye dam. Idan na je sayar da citta aka tambaye ni 'yar wane ƙauye ce, sai in ambaci na maƙwabta. Kifin kuwa ya cika mana ɗaki, har bargo yana ƙarni, kuma kowace loma sai an tura ta da ruwa.

Inna Hajjo ta daina zuwa, Mama kuma ta kasa zuwa ruga. Sau biyu tana auna acca a ƙwarya, ta kai bakin gona ta dawo. Sai wata safiya muka ji sallama. Inna Hajjo ce, ba ƙwaryar nono a kanta, ta yi ɗamara irin ta tafiya. Daga nesa ana jin kukan shanu da jakuna, ruga ta tashi, za su yi kudu inda ruwa yake. Mama ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama. A al'adarmu ba a sallamar aboki hannu wofi, sai na ga Mama ta shiga ɗaki tana dube-dube, kuma na san abin da take gani, kifi ne ta ko'ina. Ta fito da 'yar accar nan da ta auna tun tuni. Inna Hajjo ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan curin man shanu a ganye, bai fi ƙwan kaza ba, ita da take kawo mana cike da ƙoƙo.

"Shi ke nan abin da suka bayar, ƙawa, nonon ya ƙafe. Ki sa a miyan kifi, yana daɗi da shi."

Na daɗe ina juya maganar nan a raina ko gori ne, kuma na tabbata ba gori ba ne. Da zuciya ɗaya ta faɗa, abin da ya sa ta fi duka zafi ke nan. Ta dafa kaina ta ce, "Laraba, kin tsira daga tatsa," ta yi 'yar dariya, ta juya. Mama ta tsaya da ganyen a hannu har doguwar inuwar ta ɓace a bayan rumbuna, sannan ta zauna a ƙasa, ba a tabarma ba, ta rufe fuska da zane.

An gyara ganuwar, kuma ta riƙe. Damina ta zo, dam ya cika har baki, kyakkyawa kamar da, sai dai shiru, ko zalɓe bai tsaya ba don ba abin da zai ci. Aka kawo masu gadi daga wani wuri, Baba Bulus ya koma gona. Ruga ba ta dawo ba. Mazan ƙauyenmu suka nome tsohon mazauninta, dawa ta yi kyau ƙwarai saboda takin shanu, muka ci wannan ma. Mama ba ta ƙara ba da waƙar kwarfa ba har ta rasu. Man shanun nan kuwa yana cikin ganyensa a saman randa har ya lalace, ba ta sa a miya ba, ba ta kuma bari an zubar ba.

Jiya jikana ya sake zare toshiyar tankinsa. Wannan karon ban kai ƙofar gida ba, na tsaya a bakin kwata ina jin kifayen suna bugun roba, ruwa yana ja da baya daga kansu.

"Kai, ka bar musu kaɗan mana," na ce.

Ya yi dariya, bai ko ɗago ba. "Kaka, kar ki damu, wani ruwan yana zuwa."

Na ɗauki kujerata. Mu ma haka muka ce.